Tabkunan Damargu: Ruwan da ke Kawo Kifi Shi ke Kawo Rairayi

Duk wanda ya san ƙasar Damargu, da hatsi da dabbobi ya san ta. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke bin hanyar Kano zuwa Damagaram da Agadas, a nan ne Abzinawa ke lodin gero kafin su shiga hamada. Garin Tanut yana kusan kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, Balbeji kuwa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana yamma da shi, a kwarin Tarka. Dukansu biyu suna bakin iyakar noma, inda ruwan sama na shekara yakan tsaya wajen milimita 200 zuwa 300, kuma babu gulbin da ke gudu har rani. Saboda haka zancen kifi da kwale-kwale a wannan yanki yakan ba baƙo mamaki. Amma kowace damana ruwa yana taruwa a kwaruruwa da tabkuna, wani ya ƙafe cikin 'yan makonni, wani ya kai tsakiyar rani. Abin da jama'a da hukuma suka yi da wannan ruwa shi zai nuna ko Damargu za ta ƙara kifi a kan geronta, ko kuwa za ta wayi gari tabkunanta sun zama filin yashi.

Yadda fari ya haifi tabkuna

Masana harkar ruwa sun lura da wani abin al'ajabi a ƙasashen Sahel bayan farin 1973 da na 1984. Ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gangarowa cikin tabkuna ya ƙaru. Dalili shi ne, da itatuwa da ciyawa suka mutu, sai ƙasa ta zama tsirara, samanta ya daskare kamar daɓe. Ruwan da dā yakan nitse a hankali ya shayar da saiwa, yanzu sai ya bi ta kan ƙasa da gudu, ya haƙa ƙorama, ya zube a wuri mafi zurfi.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan aka yi ruwan milimita 50 cikin dare guda a kan fili mai hekta 1,000, lita miliyan 500 ke nan suka sauka. In kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya gangara, tabkin da ke ƙasa zai karɓi lita miliyan 125 kafin gari ya waye.

Jihar Tawa tana da shaidar wannan al'amari. Kafin watan Yuli na 1974, Ɗan Dutsi ɗan ƙaramin tabki ne mai ƙafewa, kewaye da gonakin gero da dawa. Tun daga wannan damana ya zama babban ruwa da ke kai wajen hekta 1,800 idan ya cika. Aka zuba masa irin kifi, masunta suka zo, kasuwa ta buɗe. A 2005 aka sa shi, tare da tabkin Tabalak da na Lasuri a jihar Damagaram, cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Tabkin Gidimuni da na Madarunfa sun shiga wannan jeri a 2019.

Kifin da ya dace da ruwan Damargu

Tabkin wannan yanki yana da babban abokin gaba, wato rana da iska. A ƙasar Sahel, ruwan da ke fili yana rasa sama da mita 2 na zurfinsa a shekara ta hanyar tururi kaɗai, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa da abin da dabbobi ke sha. Ke nan tabkin da zurfinsa bai wuce tsawon mutum ba, da wuya ya ga wata damana. Wannan ne ma'aunin farko da ma'aikatan ruwa da gandun daji ke dubawa kafin su zuba irin kifi a wani wuri.

Kifi iri uku ne suka fi jure wannan hali. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, saboda haka tana rayuwa ko da ruwa ya koma taɓo. Karfasa tana cin ɗanyen tsiron da ke sa ruwa ya yi kore, tana girma da sauri, cikin wata shida tana iya fara haihuwa, kuma a wani irinta uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'ya cikin bakinta har su yi ƙarfi. Gaiwa kuwa ta fi su duka dabara: idan ruwa ya ƙafe sai ta haƙa rami cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har ruwan sama ya dawo. Giwan ruwa, duk da tsadarsa a kasuwa, ruwa mai zurfi da tsabta yake so, kuma sauran kifi yake ci, don haka ba kowane tabki ne zai ɗauke shi ba.

Amfanin wannan sana'a a bayyane yake. A ƙauyen da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, kifi abinci ne mai gina jikin yara da masu juna biyu. Mata suna soyawa, suna bandawa, suna kai shi kasuwa. Saurayin da ke da taru da kwale-kwale yana da dalilin zama gida da rani maimakon tafiya cin rani Libiya ko Najeriya.

Alheri da sharrin ambaliya

Ambaliya tana da ranarta. Sa'ad da ruwa ya malale kan ciyawar bakin tabki, a nan tarwaɗa ke zuba ƙwai, a nan kuma ƙananan kifi ke ɓuya daga manya. Ruwan yana kawo taki daga makiyaya, takin ya haifar da abincin kifi. Idan ruwa ya ja da baya, yakan bar ƙasa mai laima inda ake shuka wake, kabewa, tumatir da sauran kayan lambu.

Sai dai ruwan da ya bi ta kan ƙasa tsirara ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauke da rairayi da laka, kuma da zarar ya shiga tabki gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayansa a ƙasa. Misali, tabkin da ke karɓar santimita 10 na yashi kowace damana, cikin shekara 10 ya yi asarar mita guda na zurfinsa. Ido ba ya ganin wannan ɓarna, domin faɗin ruwan yana nan, wani lokaci ma ƙaruwa yake yi, ya ci gonakin gefe. Sai rani ya yi, a ga tabkin da dā ke kaiwa bazara ya ƙafe tun sanyi bai wuce ba, kifi bai gama girma ba ya mutu cikin taɓo. Inda ruwa ya rage zurfi kuma, nan kacala ke samun gindin zama. Wannan ciyawa ta addabi tabkuna da yawa a kudancin jihar Damagaram: tana hana jefa taru, tana toshe hanyar kwale-kwale, tana tara tsuntsaye masu cin hatsi.

Akwai wata ɓarnar ta gaggawa. Idan babban ruwa ya kwaso kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ciyawa da yawa a lokaci guda, ruɓewarsu tana cinye iskar da ke cikin ruwa, sai a wayi gari karfasa ta taso sama matacciya. A madatsun da aka gina kuwa, ruwan da ya yi yawa yakan fita ta hanyar rara ya tafi da irin kifin da aka sha wahalar zubawa, in ba a sa raga a bakin hanyar ba.

Darasin manyan madatsu

Madatsar ƙasa, babba ko ƙarama, abu biyu ke karya ta: ruwa ya haura ta kanta, ko ya sami kafa ta cikinta. Yashin da ya cika cikin madatsa yana rage wurin da ruwa zai zauna, saboda haka ruwan da dā za ta iya riƙewa sai ya fi ƙarfinta. Ramin gara, ramin gafiya da saiwar itacen da aka bari ya tsiro a kan ganuwa, su ne ƙofofin da ruwa ke bi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maƙwabta sun ɗanɗana wannan. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta jihar Kano ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki. A ranar 10 ga Satumba 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan masifa ta 1994. A wannan damana ta 2024 Nijar ma ta ga ambaliyar da ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 400, ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. A birnin Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Ƙasar da ta saba kukan fari, yanzu wajibi ne ta koyi shirin tarbar ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci.

Tabkin Madarunfa a jihar Maraɗi yana koyar da wani darasin dabam. Ruwansa daga gulabe yake zuwa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke gangarowa ta gulbin Maraɗi ya ragu. Abin da aka yi a sama shi ke hukunta na ƙasa. Haka yake a kwarin Tarka, wanda ya taso daga Damargu ya ratsa ƙasar Dakwaro har zuwa Madawa: wanda ya sare itace a kan tudu ya aika yashi ga mai tabki, wanda ya tare ruwa ba da shawara ba ya hana na gaba sha.

Kwale-kwale da tsaron rai

Mutanen Damargu ba 'yan bakin gulbi ba ne, yawancinsu ba su koyi iyo ba. Wannan ya sa hatsarin ruwa ya fi yawa a gare su. Masuntan da suka gaji sana'ar suna da ƙa'idodi da ya kamata sabon shiga ya riƙe. Ba a shiga ruwa idan hadari ya haɗu, domin iskar da ke gabansa tana kifar da kwale-kwale ko a ƙaramin tabki. Ba a yi masa lodin da zai sa bakinsa ya kusa taɓa ruwa. A duba katako a toshe kafofi kafin damana, a ajiye abin kwarfe ruwa a ciki, kowane mutum kuma ya kasance da rigar kariya, ko aƙalla gora ko jarkar da aka rufe bakinta. Ƙoramar da ke gudu bayan ruwan sama ba a ƙetare ta da ƙafa, ko da amalanke, ko da mota, sai ta sauka. Iyaye su kuma sani cewa wankan yara a ruwan da ke kwance yana kawo tsargiya, kuma duk yaron da ke fitsarin jini a kai shi likita.

Abin da ya rage ga jama'a da hukuma

Gyaran tabki daga kan tudu yake farawa. Rabin wata, tassa da jerin duwatsu suna rage gudun ruwa, su riƙe ƙasa a gona. Sassaben zamani, wato barin 'ya'yan itatuwa su girma cikin gona, ya mayar da gawo mai yawa a kudancin jihar Damagaram. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, ya haɗa gyaran tuddai da gina ƙananan madatsu, domin madatsar da ba a kare bayanta ba ajalinta gajere ne. A bakin tabki kuma ya kamata a bar zobe na ciyawa da itatuwa wanda ba a nomawa, shi zai tace ruwa kafin ya shiga.

Na biyu shi ne tsarin su. Tun a 1998 dokar kamun kifi ta haramta amfani da guba da abubuwa masu fashewa. Taru mai ƙananan idanu, balle gidan sauro, yana kwashe kifin baɗi tun bai girma ba. Ya dace kowane tabki ya sami kwamitin da ya ƙunshi mai gari, sarkin ruwa inda akwai shi, masunta, mata masu sayar da kifi da ma'aikacin gandun daji. Su ne za su tsayar da watannin hutu a lokacin haihuwar kifi, su rubuta abin da aka kama a littafi, su ware wani kaso na kuɗin domin sayen sabon iri da yashe tabki. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna da babban matsayi a nan, gama su ne masu riƙe wannan littafi.

Na uku shi ne zaman lafiya da makiyaya. Tabkunan Damargu mashayar garkunan Fulani da Buzaye ne tun kafin a yi tunanin zuba musu kifi. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare haƙƙin dabbobi na isa bakin ruwa, kuma kwamitocin kula da filaye suna nan domin shata burtali da mashaya. Lambu ko tarun da ya toshe hanyar shanu rigima yake haifarwa, rigima kuwa ba ta bar kowa ya ci amfanin ruwa ba.

Watannin rani su ne lokacin aiki. A lokacin ne ake iya auna yashin da ya taru, a cike ramukan ganuwa, a share hanyar rara, a sare kacala, a gyara kwale-kwale. Shugabannin gundumomin Tanut da Balbeji, da magadan gari, da sarakunan gargajiya, suna da damar tara jama'a a kan wannan aiki tun hadarin farko bai taso daga gabas ba.