ƁARGO: INDA JININ DABBA YAKE SOMAWA

Duk mai cin abinci a harkar dabbobi a nan Kudu, ko dillali ne a kara, ko mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko mai turke ragon Salla a Sabo ta Badun, ya san dabbobin da ake kawowa daga Gombe. A 1963 ne hanyar jirgin ƙasa ta isa garin, yau kuwa manyan motoci ne suke lodi daga kasuwar Tike su nufi Ikko da Anacha da Fatakwal.

To, sau da yawa akan ji falke yana kuka, wai sa ya baro Gombe garas, amma bai yi mako uku a kara ba sai ya soma ramewa yana haki, in an yanka shi kuma jinin ya fito tsararo. Likitocin dabbobi sun ce mai son gane wannan al'amari sai ya leƙa cikin ƙashi, domin a can ne jinin yake somawa.

JAN ƁARGO DA NA KITSE

Mahauci ya san ɓargo iri biyu ne. In ya fasa ƙashin cinyar ɗan maraƙi sai ya tarar da shi ja wur, na babban sa kuwa kitse ne. Jan nan shi ne mai yin jini. Muddin dabba tana ƙarama kusan duk ƙasusuwanta aikin ke nan, amma da ta girma sai aikin ya koma haƙarƙari da ƙashin baya da ƙashin ƙirji da ƙugu, da kuma kawunan dogayen ƙasusuwa. Wani likita Bajamushe, Ernst Neumann, shi da wani ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, su ne suka gano haka a 1868.

A cikin jan ɓargon nan akwai wata ƙwaya wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, ana iya kiranta uwar ƙwayoyi. Wasu masana biyu a Kanada, Till da McCulloch, suka tabbatar da ita a 1961 bayan gwaji da ɓeraye. In ta rabu biyu, ɗaya takan zauna a matsayin iri, ɗayar kuwa ta ci gaba da rarrabuwa har ta haifi dubbai. Daga cikinsu ne ake samun abu uku da suke yawo cikin jini: jajayen ƙwayoyi masu dakon iskar numfashi daga huhu zuwa sassan jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu 'yan gutsattsari masu sa jini ya daskare a bakin rauni.

YADDA ƘWAYA TAKE NUNA

Jar ƙwaya ba ja take somawa ba. Da farko babba ce, da wani ƙwallo a tsakiyarta. Duk rabuwar da ta yi sai ta ƙara ƙanƙancewa, tana tara wani sinadari mai ƙarfe a ciki wanda shi ne yake ba jini launinsa. In ta cika sai ta tofar da ƙwallon nan, ta kutsa ta bangon jijiya ta shiga jini. Wannan yakan ɗauki kamar mako guda. A jikin kaza kuwa ƙwayar ba ta zubar da ƙwallonta, ta raƙumi kuma ba zagayayya ba ce, siffar ƙwai gare ta.

Jar ƙwayar saniya takan yi kamar wata biyar tana aiki, sa'an nan saifa da hanta su rushe ta, a mayar da ƙarfen cikinta ɓargo a sake yin wata da shi. Watau kullum wasu suna mutuwa, wasu suna fitowa. Ƙoda ce mai lura da lissafin: da ta ji iskar numfashi ta ragu sai ta aika wa ɓargo wani sinadari ta cikin jini, shi kuwa ya ƙara himma. In buƙata ta tsananta, har ɓargon kitse yakan koma ja ya kama aiki.

Amma fa ɓargo ba ya aiki da hannu wofi. Sai da abinci mai gina jiki, da ƙarfe, da jan ƙarfe, da wani sinadari mai suna kobalt wanda tumbin saniya yake sarrafawa ya zama bitamin B12.

ƁARAYIN JINI

A ƙasar Gombe, kamar sauran Arewa, tsutsar ciki takan yi yawa da damina, tana tsotson jinin tumaki da awaki. Tsutsar hanta tana samun dabba a fadamu da bakin ruwa irin na Dadin Kowa. Kaska tana shan jini, ta kuma zuba cutar da take fasa jajayen ƙwayoyi.

Babban abokin gaba a nan Kurmi kuwa shi ne sammore, wanda ƙudan tsando yake kawowa. Cutar tana sa jiki ya riƙa rushe jajayen ƙwayoyi tun ba su tsufa ba. Da farko ɓargo yakan dage ya cike gurbi, amma in ciwon ya daɗe sai ya gaza. Shi ya sa muturu, ɗan gajeren san nan na Kurmi, yake zama lafiya inda bunaji da rahaji suke faɗuwa: jikinsa ya fi iya riƙe jininsa ko da cutar ta shige shi.

ABIN DA YA KAMATA A LURA

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma kada mai saye ya tsaya ga tozo da kauri. Ya ja fatar idon dabba ta ƙasa ya duba, ya kuma ɗaga leɓe ya ga dasashi. In ya ga ja-ja ne, to madalla. In ya ga fari fat, ko haɓa ta kumbura da ruwa, to dabbar nan ɓargonta ya kasa biyan bashi, doguwar tafiya a mota ba ci ba sha kuwa sai ta ƙarasa ta.

Har wa yau, allurar sammore da maganin tsutsa cuta suke kashewa, ba jini suke yi ba. Ɓargo ne zai mayar da abin da aka rasa, wannan kuwa aikin makonni ne, tare da dusa da harawa da ruwa da hutu. Likitan dabbobi ya kamata ya yi allurar, a kuma bi faɗarsa game da kwanakin da za a jira kafin yanka, domin kada magani ya bi nama ya shiga cikin masu ci.

Ga mahauci kuma, ƙashi ba ya ɓoye labari. Kitsen ɓargo shi ne ajiyar ƙarshe da jiki yake taɓawa in yunwa ta yi tsanani. In aka fasa ƙashin cinya aka ga ɓargon ya zama ruwa-ruwa yana rawa, dabbar ta daɗe cikin yunwa ko ciwo, kuma malamin duba nama yana iya hana sayar da ita. Asarar nan tun a kasuwar Gombe ake iya kauce mata, da ɗan yatsa guda a fatar ido, kafin kuɗi su bar aljihu.