Wa Zai Biya Kuɗin Gyaran Kogin Haɗeja?

A ƙasar Guri da Kirikasamma da Nguru, da wuya manomi ko masunci ya yi maka maganar sana'arsa bai ambaci kacala ba. Ciyawa ce doguwa da ta fi mutum tsawo, mai fitar da kai kamar zangarniyar gero, kuma inda ta kama ta kama ke nan. Ta cinye gonakin shinkafa, ta toshe hanyar kwalekwale, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Na ga yadda ake gayyar sarar ta. Magidanta su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su riƙa yanka daga ƙarƙashin ruwa domin kututturen ya nutse ya ruɓe. Samari su ja tarin zuwa gaɓa, ƙafafunsu duk matsattsaku. Kafin la'asar sai ka ga ruwa ya fara motsi a mashigin da ya shekara a tsaye. Wannan ruwan da suka saki zai amfani garuruwan da ba su taɓa takawa ba, amma galibi ladan aikinsu bai wuce tuwon gayya ba. Bayan 'yan watanni kuma ciyawar ta dawo.

Kacala ba daga sama ta faɗo ba. A da, Kogin Haɗeja yakan tumbatsa cikin Agusta da Satumba ya bazu a fadamu, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe, kuma wannan bushewar ce ke hana ciyawar sakewa. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Daga nan aka riƙa sako ruwa rani da damina domin famfon birnin Kano da noman rani. Ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta yi rauni, laka ta kwanta, ruwa marar zurfi ya zauna shekara cur. Abin da kacala ke so ke nan. Da ta toshe wasu rassan kogin, sai ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma yana cin gonaki da gidaje, wasu rassan suka ƙafe, abin da ke isa Gashuwa ya wuce Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi ya ragu ƙwarai.

Ba na cikin masu zagin madatsun nan. Da su Kano ke sha, da su ake tumatirin Kadawa da shinkafar Kura. Damuwata ita ce lissafin da aka yi bai cika ba. An ƙirga abin da siminti zai kawo, ba a ƙirga abin da fadama ke yi kyauta ba: kifi, shinkafar damina, wake da kayan lambu bayan janyewar ruwa, kiwon shanun Fulani da rani, itacen girki, da ruwan da ke tsuma cikin ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna wannan, suka gano cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ya ninninka wanda ake samu idan an karkatar da shi zuwa noman rani na Kogin Kano. A 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Maganin sananne ne. A sako ruwa daga madatsun daidai da yanayi, mai yawa da damina, kaɗan da rani, har wasu wurare su bushe. A yashe mashigai. A mayar da bishiyoyi da ciyayi a gaɓar kogi su riƙe ƙasa. A bar wa ambaliya filin da za ta kwanta, maimakon a yi gini a kan hanyarta. Wato a taimaka wa kogi ya koma yin aikinsa da kansa. Abin da ke wuya shi ne kuɗi, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba wai kuɗin ya fi na gina madatsa ba ne, sau da yawa bai ma kama ƙafarsa ba. Irinsa ne daban. Madatsa kwangila ce guda, a gama, a kira gwamna ya yanke ƙyalle. Banki na iya ba da bashi a kanta domin akwai kuɗin ruwa ko na lantarki da za a karɓa. Gyaran kogi kuwa kamar yaɓen ɗakin ƙasa ne, kowace shekara kafin damina sai an yi, in an tsallake biyu katanga ta faɗi. Ribarsa a warwatse take cikin dubban gidaje, kuma mafi girmanta ita ce ɓarnar da ba ta auku ba. Babu mai ba da rasit a kan ambaliyar da ba ta ci gari ba. Shi ya sa ake samun kuɗin agaji da buhunan shinkafa bayan bala'i, kamar yadda aka gani a Jigawa a 2022, amma kuɗin hana shi ya gagara.

Wasu ƙasashe sun samo dabara. A 2000 birnin Kito na ƙasar Ikwado ya kafa asusun ruwa, hukumar ruwan birnin tana zuba masa kashi 1 cikin 100 na cinikinta, daga baya aka tsara ƙarawa sannu a hankali zuwa kashi 2. Ba a cin uwar kuɗin, juya ta ake yi, ribar kuma ta tafi kula da tsaunukan da ruwan ke fitowa. A Kenya, inda kusan duk ruwan Nairobi daga saman Kogin Tana yake zuwa, an kafa irin wannan asusu a 2015. Kamfanin ruwa da na lantarki da masana'antun lemo suka sa kuɗi, ana taimaka wa ƙananan manoma su yi kunyoyin tare ƙasa a gangare, su dasa itatuwa, su bar ciyawa a bakin rafi. Masu biya ba sadaka suke yi ba. Ruwa mai ƙarancin laka ya fi arahar tacewa, madatsa kuma ta fi daɗewa ba ta cike ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne tsarin waƙafi: a killace asali, a ci moriyar abin da yake haifarwa. Tun Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Musulmi sun san ruwa na cikin mafi falalar sadaka mai gudana.

Mu ma muna da abin ginawa a kai. A 2006 aka yi taro a Damaturu, inda gwamnatin tarayya da jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka amince da kafa asusun amana na kwarin Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. A ƙarshen 2017 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na naira biliyan 10.69, ta zama ta farko a Afirka da gwamnati ta yi haka. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin ACReSAL domin farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan yashe masu aiki a cikin ruwa. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai rance na da wa'adi, alkawarin gwamnati na iya tafiya tare da mai shi, inji kuma yana son mai da direba da kayan gyara kullum. Abin da kogin ya rasa shi ne kuɗin da ke shigowa da kansa kowane wata.

A ganina daga masu ɗibar ruwan ya kamata ya fito. Na san abin da mutumin Kano zai ce: famfonsa ya daɗe bai zubo ba, a hannun 'yan garuwa yake saye, yaya za a ƙara masa nauyi? Gaskiyarsa. Kada a fara da shi. A fara da manyan masu amfani, wato masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, kamfanonin lemo da na ruwan roba, manyan gonakin rani da injinan casar shinkafa. A yanki ɗan kaso ƙayyadadde daga kuɗin ruwan da suke biya, doka ta tsare shi, ya wuce asusun kai tsaye. Rabi ya hau sama, a kula da dajin Falgore da tsaunukan da ke ciyar da Tiga, don kada laka ta cike ta. Rabi ya gangara fadama.

A can ƙasa kuma kuɗin ya isa hannun masu shiga ruwa. A yi yarjejeniya da ƙungiyoyin masunta da manoma da makiyaya, kowane gari da mashiginsa, a biya su gwargwadon tsawon da suka tsare a buɗe shekara guda, ba gwargwadon kwanakin da suka yi sara ba. Manomin rani da aka rage wa ruwa domin fadama ta bushe, a biya shi diyya. Kacalar ma ta rage wa kanta tsada: a Senegal ana yin gawayi da ita, ana kuma sarrafa ta kayan gini. Sannan a liƙa lissafi a ƙofar fadar hakimi, a karanta shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci, domin ba mai ci gaba da zuba kuɗi inda ba ya ganin ƙarshensu.

Jihohi shida ke shan kogin nan, kuma tun 2006 suka amince a rubuce cewa nauyinsa na kansu ne gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne majalisun dokokinsu su mayar da wannan amincewa kaso a cikin doka. Mai karatu, idan ɗan majalisarka ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi nawa jiharku ta zuba wa kogin bana, kuma wa ya karɓa.