Kyamarar Zafi Tana Ganin Ɓera Mai Rai, To Mushensa Fa?

Duk mai leƙa YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: allo baƙi ƙirin, wasu fararen abubuwa suna ta kai-komo a gindin katangar sito, sai ka ji "tas", ɗaya ya faɗi. Manoma ne da maharba a Ingila suke harbin ɓeraye da bindigar iska, ko kuma mutanen jihar Texas ta Amurka suna kakkaɓe aladun daji da suka addabi gonakinsu. Na'urar da ke ba su gani cikin duhu ita ce kyamarar zafi, kuma a kanta ake yawan tambaya: nawa take, a ina ake samu. Bidiyon yakan ƙare da zarar an ƙirga abin da aka kashe. Abin da ba a nuna maka shi ne inda ake kai gawarwakin, alhali a can ne cuta da guba suke.

Yadda kyamarar take gani

Kyamarar wayarka haske take buƙata, amma wannan ba ruwanta da haske. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, ana kiransa infirared. A cikin na'urar akwai sensa mai ƙananan ɗigo dubbai, kowane ɗigo yana ɗan ɗumama idan wannan hasken ya sauka a kansa, sai kwamfutar ciki ta mayar da bambancin zuwa hoto. Na'urorin da kamfanoni irin su Pulsar da Hikmicro ke sayar wa maharba galibi suna da ɗigo 384 sau 288, masu tsada kuma 640 sau 512. Idan ka kwatanta da kyamarar waya mai miliyoyin ɗigo, wannan ba komai ba ne, amma ya isa.

Abin lura shi ne, bambanci kawai take nunawa. Jikin ɓera yana kusan digiri 37, ƙasar gona a daren hunturun Ingila kuwa tana iya sauka ƙasa da digiri 5, shi ya sa yake haskawa kamar an kunna ƙwan lantarki. Da ya mutu sai jikin ya fara hucewa, kuma ƙaramar dabba saurin hucewa take yi, kamar yadda shayin ƙaramin kofi yake rigan na buta sanyi. Kafin a gama zagayen gona, ɓeran da aka fara harbi ya yi daidai da ƙasar da yake kwance a kai, ya ɓace daga allo. Na'urar da aka zuba maƙudan kuɗi a kanta ba ta ƙara ganinsa. Saboda haka masu hankali a cikin maharban ba sa jira sai sun tashi, sukan tsaya lokaci-lokaci su kwashe tun da sauran ɗumi, da safe kuma su sake zagayawa da ido.

Me ke cikin mushen?

Na farko cuta. Fitsarin ɓera yana ɗauke da ƙwayar cutar leftosfirosis, wadda ke shiga jikin mutum ta ƙaramin rauni a hannu, idan ta yi tsanani ta taɓa ƙoda da hanta. Shi ya sa ba a ɗaukarsa da hannu tsirara: safar hannu ta roba, ko doguwar sandar nan mai baki da ake tsintar shara da ita. Mu a nan Najeriya namu ya fi nasu muni, domin wani nau'in ɓeranmu shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Kama wutsiyar mataccen ɓera a wurga shi bola ko bayan katanga, inda kaji da yara ke yawo, ba ƙaramin ganganci ba ne.

Na biyu guba. Gonar da ake harbi a cikinta sau da yawa an riga an zuba maganin ɓera, irin wanda ke hana jini daskarewa. Ba ya kisa nan take, ɓeran yakan yi kwanaki yana yawo da shi a hanta. Idan aka harbe shi aka bar shi, mujiya ko shirwa ko kyanwar gona ta cinye, gubar ta koma jikinta. Binciken da ake yi a Birtaniya kan matattun mujiyoyin da ke zama a rumbunan gona ya sha nuna cewa mafi yawansu suna ɗauke da ɓurɓushin wannan magani. Ga shi kuwa mujiyar ita ce mai kama wa manomi ɓera kyauta.

Na uku, wanda na fi so mu tsaya a kansa, dalma. Harsashin bindigar iska ɗan ƙarami ne, kusan rabin giram, amma yawanci dalma ce zalla, kuma yakan zauna a cikin naman. Na babbar bindiga ya fi haɗari, domin an ƙera shi ne ya buɗe idan ya shiga jiki. Yana buɗewa sai ya tarwatse, ya bar ɗaruruwan ɓarɓashi da ido ba ya gani, wasu can nesa da inda ya huda. A hoton eksre za ka gan su kamar an watsa gishiri. Tsuntsu mai cin mushe yana da ruwan ciki mai ƙarfin gaske wanda ke narkar da ƙashi, shi ne kuma yake narkar da dalmar ta shiga jini.

Babbar ungulun nan ta Kalifoniya, kondo, ta kusa ƙarewa a duniya: a 1987 guda 27 kacal suka rage, aka kama su duka aka killace don su hayayyafa. Bayan an fara sakinsu daji, dalmar harsashi ita ce kan gaba wajen kashe su. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022 ya duba mikiya fiye da 1,200 daga jihohi 38 na Amurka, ya samu kusan rabinsu da alamun daɗaɗɗiyar gubar dalma a ƙashi. Mutane ma ba su tsira ba: a 2008 jihohin Dakota ta Arewa da Minesota sun janye naman barewa da maharba suka ba da sadaka ga mabuƙata, bayan an ga ɓarɓashin dalma a ciki. Ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani kan dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, duk da cewa wancan daga dutsen zinariya ta fito.

Maganin wannan ɓangaren na fasaha ne tsantsa: harsashin jan ƙarfe, wanda yake buɗewa ba tare da ya farfashe ba. Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli, 2019. Maharba suna ƙorafin tsada, wasu kuma su ce ba kowace bindiga ce take harba shi daidai ba. A ganina ƙorafin na da tushe, amma bai kai nauyin abin da ke ɗaya gefen ba.

To ina ake kai su?

A Ingila doka ta raba abin gida biyu. Dabbar kiwo, saniya ko tunkiya, idan ta mutu a gona ba a binne ta, an hana tun 2003. Sai dai a kira masu lasisin kwashewa su kai ta inda ake ƙonawa ko sarrafawa. Dabbar daji da ba a zargin tana da cuta mai yaɗuwa ba ta shiga wannan dokar, don haka ɓera da zomo da yanyawa suna wuyan wanda ya harbe su da mai gonar.

Idan 'yan kaɗan ne, a saka a leda biyu, a ɗaure, a jefa cikin kwandon shara mai murfi. Idan da yawa, sai binnewa, kuma a nan akwai lambobin da ya kamata kowa ya riƙe. Ƙa'idar hukumar muhallin ƙasar kan binne dabba ita ce ramin ya yi nisan aƙalla mita 250 daga rijiya ko burtsatsen da ake shan ruwansa, mita 30 daga rafi, mita 10 daga magudanar gona, sannan a rufe da ƙasa mai kaurin mita 1. Mita 250 ɗin nan ya fi filin ƙwallo biyu a jere. Kaurin ƙasar kuma saboda karnuka da yanyawa ne, rami mara zurfi a daren farko za su tone shi.

Ƙonawa a fili ba ta da kyau: hayaƙi, wari, kuma cikin naman ba ya ƙonewa. Injin ƙona gawar dabba da hukuma ta amince da shi dole hayaƙinsa ya kai digiri 850 na tsawon daƙiƙa 2. Tulin itace da fetur ba zai ba ka wannan ba. A Amurka kuma akwai masu yin taki da mushe: a shimfiɗa garin katako mai kauri, a ɗora, a lulluɓe, a soka dogon ma'aunin zafi a tabbatar cikin ya wuce digiri 55 na kwanaki. Yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya yi wa dalma komai, tana nan a cikin takin.

Zomo da kurciyar daji kuwa ci ake yi ko a sayar wa dillalan naman daji, bayan an yanke wajen da harsashi ya bi.

Idan dabbar ta fi ƙarfin leda

Aladun daji a Amurka sun kai kimanin miliyan 6, kuma tun 2011 Texas ta ba maharba damar biyan kuɗi su hau jirgi mai saukar ungulu su harbe su daga sama. Wa zai sauka ya kwashi alade talatin, kowanne ya fi buhun masara nauyi? Da yawa a nan ake barinsu, wasu a ja su da mota zuwa wani lungu na gona. Mai taɓa su kuma yana cikin haɗarin kamuwa da burusela, irin cutar da ke sa shanu ɓari.

Jamus ce ta nuna abin da ake yi idan bari ya zama ba zai yiwu ba. A watan Satumban 2020 aka samu zazzaɓin aladu na Afirka a jikin wani aladen daji a jihar Birandenbag. Ƙwayar cutar ba ta kama mutum, amma tana iya yin watanni da rai a cikin mushe, don haka duk gawar da aka bari a daji tarko ce ga garken da zai biyo baya. Sai aka shiga neman gawarwaki da mutane a jere, da karnuka masu horo, da jirage marasa matuƙi masu kyamarar zafi. Za ka ce ai mun ce kyamarar ba ta ganin abin da ya huce. Haka ne, sai dai akwai wani abin mamaki: bayan 'yan kwanaki, idan ƙudaje suka yi ƙwai, tarin tsutsar da ke cin naman yana haifar da zafin kansa, wani lokaci sama da digiri 40. Mushen sai ya sake bayyana a allo. A lokacin sanyi da babu ƙuda, ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, dabarar ba ta aiki, hancin kare ne ke fitar da su kunya.

Ostireliya kuwa ta zaɓi bari. Tsakanin 2009 da 2013 an rage raƙuman daji kusan 160,000, yawancinsu ta harbi daga jirgi, aka bar su a hamada saboda nisan wurin ya sa ɗauko naman ya fi kuɗinsa tsada. Na san duk wanda ya san farashin raƙumi a kasuwar Maigatari sai ya yi tsaki.

Ƙasar tana da wata manhaja, FeralScan, da manoma ke saka wurin da suka ga dabbobin ɓarna da abin da suka yi a kai, ya hau taswira kowa ya gani. Irin wannan tunanin nake ganin ya kamata masu ƙera kyamarorin su ɗauka. Na'urorinsu sun riga suna naɗar bidiyo da kansu idan bindiga ta yi motsin harbi, suna haɗuwa da waya ta Wi-Fi, wasu har da ma'aunin nisa na leza. Wayar kuma tana da GPS da kamfas. Idan an san inda maharbi yake tsaye, da inda ya fuskanta, da nisan abin da ya harba, lissafin ɗan sakandare ne ya rage a ɗiga alama a taswira. Kowane harbi ya zama jan ɗigo, ba zai koma kore ba sai mutum ya je wurin ya danna "na ɗauka".