Tsohuwar Porsche 911: abin da ya raba giyar 915 da G50

Duk mai neman sayen Porsche 911 Carrera 3.2, wadda kamfanin na Jamus ya ƙera daga 1984 zuwa 1989, tambayar da yake fara yi ita ce: wane akwatin giya ne a ciki? Jikin motar ɗaya ne, injin ma mai lita 3.2 ne, amma samfurin 1984 zuwa 1986 yana ɗauke da giyar da ake kira 915, na 1987 zuwa gaba kuma G50, ƙirar kamfanin Getrag. Dukansu giyar hannu ce mai lamba biyar, sai dai tuƙinsu ya sha bamban.

Asalin bambancin wani ɗan zobe ne da makanikai ke kira sinkiro. Idan direba zai canza giya, ƙarafan da za su haɗu ba gudu ɗaya suke yi ba. Aikin zoben shi ne ya daidaita gudunsu kafin haƙora su shiga juna, in ba haka ba sai a ji gurza. A 915, wadda ta fara aiki tun 1972, Porsche ta yi amfani da zobe irin nata, mai tsaga, wanda ke buɗewa ya kama. Yana aiki, amma ba ya son gaggawa. Daga lamba ɗaya zuwa biyu sai direba ya ɗan dakata a tsakiya, musamman da safe kafin mai ya yi zafi. Wanda ya saba fizgar sanda, ba a daɗe zai cinye zoben, kuma gyaransa sai an sauke inji da giya gaba ɗaya.

G50 ta zo da zobe mai siffar mazurari irin na BorgWarner, wanda ke kamawa da sauri ya kuma jure hannun da bai ƙware ba. Kulocinta da mai yake aiki, kamar birki, na 915 kuwa waya ce ake ja, shi ya sa ya fi gajiyar da ƙafa a cunkoso. Ribas ma ya sauya wuri: a 915 yana dama ƙarƙashin lamba biyar, a G50 ya koma hagu kusa da lamba ɗaya. Da kallon kan sanda kawai ana gane wacce ce.

A kasuwa masu G50 sun fi tsada, amma ba a yi wa 915 adalci. Ta fi sauƙin nauyi, kuma yawancin laifin da ake ɗora mata na tsufa ne. Da yake injin 911 a baya yake, doguwar sanda ce ke haɗa hannun direba da akwatin giya. Idan robobin da ke riƙe da ita suka ci, sai giya ta riƙa lilo ana lalubenta. A sauya robobin a saita da kyau, sai ta koma shiga daidai.

Sababbin 911 sun yi nisa da wannan duka. Samfurin da ya fito a 2011 ya zo da giyar hannu mai lamba bakwai, daga baya ma aka ƙara na'urar da ke ɗan taka totur da kanta idan ana sauko da giya, aikin da direban 915 ke yi da gefen ƙafarsa. A 2013 Porsche ta fitar da GT3 babu giyar hannu sam. Masu saye suka yi ta ƙorafi, ta dawo da ita a 2017.