Ko Ka San Ƙarfe Mai Zafi Yana Tona Asirin Silikon?

Silikon da ke cikin wayarka da faifan sola daga yashi ake tace shi, kuma idan tsantsarsa ne, da ƙyar wutar lantarki ke ratsa shi. Kowace ƙwayar zarrarsa tana da elektiron 4 a da'irarta ta waje, duk a ɗaure da na maƙwabta, babu mai sakewa ya yi yawo.

Don haka masu ƙera shi ke yi masa gauraye da gangan, ɗan mitsitsi ƙwarai. In aka sa fosforos, mai elektiron 5 a da'irar waje, huɗu za su kama maƙwabta, na biyar ya rasa abokin riƙo ya shiga yawo. Wannan shi ne nau'in N. In kuwa boron aka sa, mai elektiron 3 a da'irar waje, sai a sami gurbi. Ka ɗauki sahun salla da mutum ɗaya ya fita: na kusa ya matsa ya cike, na gaba da shi ma ya matsa, sai ka ga kamar gurbin ne ke tafiya zuwa ƙarshen sahu. Haka wuta ke tafiya a nau'in P. Wannan rabewa ta fito fili ne a 1940, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, inda Russell Ohl ya ga wani sandan silikon mai tsaga yana ba da wuta idan haske ya faɗa masa.

Abin da ke damuna shi ne yadda sunayen ke ruɗar ɗalibai. N ba ya ɗauke da rarar cajin negatif, P ma ba ya ɗauke da na fozitif. Kowannensu cajinsa daidai yake. Bambancin kawai shi ne wa ke dakon wutar.

Ido ba ya rarrabe su, amma zafi yana yi. Ka ɗora bakin wayoyi biyu na mitar awon wuta a kan gutsuren silikon, ka ɗumama na jar wayar da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo. A nau'in N, elektiron za su gudu daga wurin zafi zuwa wurin sanyi, su bar bakin mai zafi da cajin fozitif, mita ta nuna fozitif. A nau'in P gurabe ne ke gudu, sai karatun ya juye zuwa negatif.