RAHOTON MUSAMMAN: Daga Dogo Tebo zuwa Gogaram, darajar kifi tun yana cikin ruwa

Duk wanda aka ambata wa Potiskum, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kasuwar shanu da manyan motocin dakon kaya. Ba a san garin da tafki ko babban kogi ba. Amma a Dogo Tebo, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, da wuya magariba ta yi ba a ji ƙamshin soyayyen kifi a bakin titi ba, kuma da wuya uwargida ta ɗora miyar kuka ba ta yi marmarin jefa ɗan banda a ciki ba.

Kifin nan kuwa baƙo ne. Idan aka cire na kiwo da na ƙanƙara, sauran a mota yake zuwa daga Nguru da Gashuwa da yankin Tafkin Chadi. Ashe ke nan farashinsa a Dogo Tebo ya dogara ne ga lafiyar ruwan da yawancin masu saye ba su taɓa gani ba.

Akwai kuma wata hanyar cin moriyar kifi da ba mu cika ɗauka da muhimmanci ba, wato kamun kifi domin nishaɗi. A wajen mutane da yawa wannan wasan masu kuɗi ne. Sai dai a wasu ƙasashe wannan wasa shi ke biyan kuɗin gadin ruwa, kuma Jihar Yobe tana da kusan duk abin da ake buƙata domin yin irinsa.

Yadda ɗan ƙaramin kifi ya zama babbar harka

A Amurka, kifin da masu fatsa suka fi so shi ne wanda suke kira bas, wani mai faɗin baki da ke zama a tafkuna, yana fakon ƙananan kifaye da kwaɗi a gindin ciyawa. Ba wani ƙato ba ne. Mafi girma da aka amince da shi a tarihi nauyinsa kilo 10 ne da ɗan ɗoriya, wanda George Perry ya kama a Jihar Jojiya a 1932. Shekara 77 aka yi kafin wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kamo sa'ansa a Tafkin Biwa a 2009. Abin da ya jawo masa farin jini shi ne faɗa. Idan ya haɗiyi ƙugiya yakan yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, mai fatsa ya yi ta fama kafin ya jawo shi.

Wani mai sayar da inshora a Jihar Alabama, Ray Scott, shi ya mai da wannan sha'awa gasa. Ya shirya tasa ta farko a 1967, ya kuma kafa ƙungiyar B.A.S.S. Babbar gasarsu, Bassmaster Classic, ta fara ne a 1971 da kyautar dala 10,000. A 'yan shekarun nan zakara yana tafiya da dala 300,000. Daga 1972 Scott ya fara kamfe na a daina kashe abin da aka kama. A tsarin da aka fi sani, ɗan gasa zai kawo kifi biyar a rana, a ajiye su da rai cikin akwatin ruwa a jirginsa, a auna, a mayar da su tafki. Wanda kifinsa ya mutu a hannunsa, a rage masa maki.

Darasin da ya fi gasar muhimmanci yana cikin doka. A 1950 majalisar Amurka ta yi dokar da aka sani da Dingell-Johnson, wadda ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan sandar fatsa da sauran kayanta. Kuɗin ana raba wa jihohi ne domin kula da ruwa da kifi, bisa sharaɗin kada jiha ta karkatar da kuɗin lasisin masu fatsa zuwa wani aiki daban. Ƙidayar hukumomin ƙasar ta 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 40 ne suka fita kamun kifi a shekarar. Ta haka duk mai sayen ƙugiya ya zama mai biyan albashin mai gadin tafki.

Giwan ruwa ya fi ƙarfin bas

Idan girma da ƙarfi ake nema, ruwanmu ba ya jin kunya. Giwan ruwa yakan haura kilo 100. A Tafkin Nasser na ƙasar Masar an kama mai kilo 104 da fatsa a shekarar 2000, kuma baƙi daga Turai suna biyan kuɗi mai tsoka domin su yi kwanaki a jirgi suna nemansa. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, ana karɓar irin waɗannan baƙi, su kama su saki. Tsage, mai haƙora kamar zarto, shi ake yi wa gasar shekara-shekara a Tafkin Kariba na Zimbabuwe tun 1962. Dukkan kifayen biyu 'yan gida ne a ruwayen Tafkin Chadi da Neja da Binuwai, tare da yauni da bargi da tarwaɗa da karfasa da kurungu.

Su domin shagali ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma da aka dawo da shi a 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Sirrin wannan girma shi ne ba a barin kowa ya shiga Matan Fada yadda ya ga dama. Ana rufe ruwan, kifi ya huta ya girma, sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini dubban masunta su afka da koma da gora.

Yobe ma tana da nata. Hanyar da ta tashi daga Potiskum zuwa Gashuwa ta ratsa Jakusko, kuma a wannan ƙaramar hukuma Gogaram take, tsohuwar hedikwatar Masarautar Bade, inda ake bikin kamun kifi na Bade ƙarƙashin jagorancin Mai Bade. A ƙauyukan fadama na yankin, an daɗe da al'adar bulama ko sarkin ruwa ya hana shiga wani kududdufi har sai lokacinsa ya yi. Abin da Ray Scott ya sha wahala yana koya wa Amurkawa a 1972, cewa a bar kifi ya girma, kakannin Badawa da Kabawa sun riga shi sani. Bambancin shi ne su can sun mai da shi sana'ar kowane mako mai asusu da lissafi, mu kuwa mun bar shi bikin kwana biyu ko uku a shekara.

Ruwan da ke ja da baya

Ruwa ba ya tsami banza. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke haɗuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Kafin su haɗu sukan malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Wannan malala ita ce gidan haihuwar kifi: da damina iyaye su bi ruwa cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya, da kaka su koma cikin kogi sun tasa.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa ta 1992, sun kawo noman rani da ruwan sha ga Kano, amma sun sauya wannan tsari. Malalar damina ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanu bushewa kamar da. Irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ciyawar kacalla take so. Ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kwale-kwale ya kasa wucewa, taru ya kasa shiga, tsuntsayen janbaki kuma suka sami wurin kwana suna cinye gero da shinkafa. Yanzu akasarin ruwan da ke isa Gashuwa daga Kogin Jama'are yake zuwa.

Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. Daga baya rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwar kifi ta Baga na tsawon shekaru. Masunta da dama suka koma ruwayen da suka rage, hannaye suka yi yawa a ƙwarya ɗaya. Daga nan ake samun masu su da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba, da masu zuba guba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, amma doka ba ta tsaron kanta. Sai da ma'aikaci da jirgi da mai, su kuwa sai da kuɗi.

Duniya ta san darajar wurin. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989. Abin da ya rage shi ne wannan daraja ta zama kuɗin da zai shiga aljihun mutanen bakin ruwan.

Inda ya kamata a yi hattara

Na farko, kada sha'awar gasar Amurka ta sa wani ya kawo bas ya zuba a ruwanmu. Japan ta shigo da shi a 1925, ya bazu ya cinye kifayen gida, har sai da dokar ƙasar ta 2005 ta sanya shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. Giwan ruwanmu ma da aka kai Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, yana cikin dalilan ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200. Kowane kifi da ruwansa.

Na biyu, akwai tambayar da mai karatu a Dogo Tebo zai yi: shin ya dace a soki rai da ƙugiya don wasa kawai? A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, farauta domin shagali zalla abin ƙi ce, wadda aka yi domin ci kuwa halal ce. Saboda haka ba lallai ne mu kwaikwayi tsarin a kama duka a saki duka ba. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mutum ya ɗauki abin da iyalinsa za su ci, ya mayar da ƙanana da masu ƙwai, kamar yadda makiyayi ba ya kai saniya mai ciki mahauta.

Na uku, kuma mafi nauyi, masunci ba don nishaɗi yake shiga ruwa ba. Duk tsarin da zai killace tafki domin baƙi, ya bar shi a bakin gaɓa yana kallo, ba zai ɗore ba. Dole ya ga ribarsa. Giwan ruwan da aka kai kasuwa sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda yake cikin ruwa kuwa, idan akwai mai biyan hayar kwale-kwale da ladan jagora da kuɗin masauki da abinci domin nemansa, ana cin kuɗinsa ne duk lokacin da baƙo ya zo, kuma yana nan yana hayayyafa. Ba wanda ya san makwancin kifi kamar wanda ya tashi a bakin ruwan, don haka aikin jagora nasa ne.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an jira Turawa ba. Potiskum tana da 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai waɗanda ba su da wurin hutawa a ƙarshen mako in ban da gidan kallon ƙwallo da majalisar shayi. Kayan fatsa ba su da tsada, kuma samarin unguwa da suke iya haɗa kuɗin rigunan ƙwallo za su iya haɗa na motar zuwa bakin ruwa, matuƙar akwai tsaro a hanya da rigar kariya a cikin jirgi.

Aikin gwamnatin jiha da Masarautar Bade shi ne su zaɓi tafki ɗaya ko biyu a gwada. A tsayar da lokacin rufewa da damina, a ƙayyade girman kifin da za a ɗauka, a sa kuɗin izini marar yawa, a kuma rubuta a doka cewa kuɗin ba zai bar bakin ruwan ba: wani kaso na mutanen gari, wani na yankan kacalla, wani na masu gadi. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana kusa, kuma ɗalibanta za su iya auna abin da ake kamawa kowace shekara, domin a san ko kifin yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Giwan ruwa yakan ɗauki shekaru kafin ya kai girman da zai sa mutum ya baro gida ya zo nemansa. Idan ana son a ga irinsa a Gogaram nan da shekara goma, a daminar bana ya kamata a fara hana gidan sauro shiga ruwa.