Tsohon Mai Ciniki Na Jira A Ƙofa, Mai Talla Ya Shige Ciki

A cikin watan Mayu na shekarar 2019, kamfanin Blizzard da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya buɗe ƙofar gwajin World of Warcraft Classic, wato maido da tsohon fasalin wasan kwamfutar da ya fara fitowa a 2004. Mutane kaɗan aka gayyata. Kamfanin ya ce zai duba daɗewar mutum yana biyan kuɗin wasan. Amma da aka soma, sai ga shahararrun masu watsa wasa kai tsaye a dandalin Twitch, irin su Asmongold da Sodapoppin, suna ciki, alhali kuwa mutane da dama da suka shekara goma sha biyar suna biyan kusan dala 15 kowane wata suna waje suna kallo.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai watsa wasa yana da dubban 'yan kallo, kuma awa guda a hannunsa ta fi allon talla amfani. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa Electronic Arts ya biya Ninja kimanin dala miliyan 1 domin ya yi wasan Apex Legends sa'ad da ya fito a Fabrairun 2019. Idan har ana biyan wannan kuɗi, to ba mutum izinin shiga da wuri araha ce ƙwarai.

Kamfanin Riot Games ya ƙara gaba. Ran 7 ga Afrilu, 2020, lokacin da annobar korona ta tsare jama'a a gida, ya buɗe gwajin wasan Valorant. Duk mai son shiga sai ya haɗa rajistarsa da Twitch, ya zauna yana kallon waɗanda aka riga aka ba izini, ko Allah zai sa ƙuri'a ta faɗo kansa. A ranar farko masu kallo a lokaci guda sun haura miliyan 1.7. Wasu sun samu cikin 'yan awoyi, wasu kuwa suka kwana suka wuni kwamfuta na kunne ba labari.

Nan fa maguɗi ya shigo. Wasu masu watsawa suka riƙa maimaita tsofaffin hotuna dare da rana kamar kai tsaye ne, don su tara jama'a suna barci. Wasu kuma suka buɗe rajista barkatai suna sayar da wadda ta dace. Dole Twitch ya gyara ƙa'idojinsa ya hana wannan dabara, Riot kuma ya toshe rajistar da aka yi cinikinta.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: na'urorinsu ba za su ɗauki kowa a lokacin gwaji ba, wasan da ba a san shi ba kuwa mutuwa yake yi. Sai dai a wasan gasa, wanda ya riga ka da mako shida ya san lungu da saƙo, ranar buɗewa kuma tare za ku kara. Abin da ya fi ɓata wa tsofaffin 'yan wasa rai shi ne a kira abu gwaji alhali rabinsa talla ne.

Hukuma ta taɓa sa baki, amma ta gefe guda kawai. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhumi Warner Bros. da biyan masu YouTube, har da PewDiePie, su tallata wasan Shadow of Mordor ba tare da an bayyana biyan yadda ya kamata ba, aka sasanta. Wannan ya shafi ɓoye talla ne. Batun wa za a fara buɗe wa ƙofa kuwa, ya rage a hannun kamfani.